Ƙullin Jijiya a Ƙwaƙwalwa: Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Wuƙar Likita

Garin Zauro yana bakin fadamar gulbin Rima, kusa da Ambursa, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu. Mutanen wannan kwari, tun zamanin Kanta, manoman shinkafa ne da masunta, saboda haka ba wanda zai koya musu halin ruwa. Sun san idan ruwan gulbi ya rarrabu cikin ƙananan magudanai ya shiga gona a hankali, shuka ta kan sha ta yi kyau. In kuwa ya sami wata ɓaraka ya kwararo da ƙarfinsa duka, sai ya cinye gaɓa ya tafi da shinkafar. Wanda ya gane wannan, ya gane rabin labarin da za mu bayar.

Zuciya ita ke tura jini cikin manyan jijiyoyi. Su kuma su yi ta rassa, suna ƙanƙancewa, har su zama sun fi gashi siranta, sa'an nan su sake haɗuwa su mai da jinin zuwa ga zuciya. Ƙwaƙwalwa ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, amma ita kaɗai ta kan sha wajen kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa. To, akwai mutanen da a ke samun waɗansu jijiyoyin nan sun ƙullu cikin ƙwaƙwalwarsu ba bisa tsari ba. Wani ƙulli ɗaya ke gare shi, wani biyar, wani ma ya fi hamsin. Da yawa su kan tsufa har su mutu ba su taɓa sanin suna da shi ba. Amma wani sai ƙullin ya tsiyayar da jini, ko ya fashe, a ga saurayi mai ƙarfi ya faɗi yana shure-shure, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko ya kama kai yana kururuwa.

A zamanin da, a ƙasar Kabi da sauran ƙasar Hausa, ba a duban irin wannan ciwo da sunan jijiya, ana dubansa ne da abin da ido ya gani. In mutum ya faɗi yana kumfa a ce farfaɗiya ce, ko kuwa iska ya buge shi, a nemi malami ya yi rubutu da tofi, ko a kai shi wurin boka ko 'yan bori a yi turare. In ciwon kai ne mai tsanani sai a kira wanzami, ya yi tsaga a ƙeya ya kafa ƙaho ya zuƙe abin da a ke kira mataccen jini. Mai farfaɗiya ya fi kowa shan wuya, don mutane sun ɗauka miyaunsa na sa wani ya kamu, sai ya faɗi kowa ya watse, har ya auka cikin wuta ko cikin gulbi ba mai janye shi. Wannan zato ba shi da tushe, farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta miyau ko ta taɓawa, amma ya raba 'yan mata da yawa da aure, ya hana yara da yawa zama cikin 'yan'uwansu a makarantar allo.

Kada mai karatu ya raina wanzami. Da ya ce ciwon na jini ne, kuma cikin kai ya ke, bai yi nisa da gaskiya ba. Abin da ya gagare shi ƙoƙon kai ne, don ƙahonsa ba ya wuce fata. Malaman da ma ba su jahilci sha'anin magani ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Tun kafinsu, a ƙasar Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana cikin littafinsa At-Tasrif yadda a ke yi wa mai ciwon ɓarin kai lalas, da yadda a ke yanke jijiyar da ke harbawa a gefen goshi. Shi ma iyakarsa ke nan, bayan ƙashi. Abin da ke ciki sai da aka shekara ɗari takwas da 'yan kai kafin a dube shi sosai.

Likitocin Jamus ne suka fara bayyana shi, su ma a jikin matattu. A 1854 wani mai suna Luschka ya rubuta labarin wani ƙulli da ya tarar cikin ƙwaƙwalwar gawa, mai 'yan ɗakuna cike da jini. Bayansa babban malamin nan Rudolf Virchow, cikin littattafansa na kumburi waɗanda suka fara fitowa a 1863, ya rarrabe irin waɗannan ƙulle-ƙulle. Amma sanin abin da ya kashe mutum bayan ya mutu ba ya tsirar da mai rai. In likita ya yi ƙarfin hali ya buɗe kan mai rai ya ci karo da ƙullin, jini ne ke kwararowa ya rasa yadda zai tsai da shi. Har Harvey Cushing na Amurka, wanda a ke kira uban aikin ƙwaƙwalwa, da ya wallafa littafi a kan wannan matsala shi da Percival Bailey a 1928, ra'ayinsa shi ne cire babban ƙulli mai harbawa abu ne da bai kamata a ko yi tunaninsa ba.

Ashe a lokacin nan an riga an sami mabuɗin. A 1927 wani likitan Fotugal mai suna Egas Moniz, a birnin Lisbon, ya gano dabarar ɗura wani ruwa cikin jijiyar wuya, sa'an nan a ɗauki hoton kai nan da nan, sai jijiyoyin ƙwaƙwalwa su fito a hoto kamar rassan itace da rani. Wani abin mamaki, da aka zo ba shi kyautar Nobel a 1949 ba don wannan aka ba shi ba, an ba shi ne don wani aikin yankan ƙwaƙwalwar masu taɓin hankali, wanda tuni likitoci suka watsar. Dabarar hoton kuwa har yau ana cin moriyarta. Da likita ya iya ganin inda jini ke shiga ƙulli da inda ya ke fita, sai ya san jijiyar da zai fara ɗaurewa. A 1932 Herbert Olivecrona na ƙasar Suwidin ya cire irin ƙullin nan ɗungum, mai ciwon kuma ya tashi.

Daga nan dabaru suka yi ta ƙaruwa. A 1960 waɗansu likitoci biyu a Washinton, Luessenhop da Spence, suka tura 'yan ƙwayoyi ta cikin jijiya don su toshe ƙullin daga ciki. A 1967 Gazi Yasargil, mutumin Turkiyya mai aiki a Zurik, ya soma aikin ƙwaƙwalwa yana duba ta madubin ƙara girma. A 1968 Lars Leksell, almajirin Olivecrona, ya ƙera na'urar da a ke kira Wuƙar Gama. Ba wuƙa ba ce ko kaɗan. Haske ne marar ganuwa a ke harbowa daga kusurwoyi masu yawa, kowane ɗaya ba shi da ƙarfin ɓarna, amma inda suka haɗu sai su ƙona jijiyar, ta riƙa toshewa sannu sannu cikin shekara biyu ko uku.

A 1966 wani Ba'amurke mai binciken gawa, William McCormick, ya kasa ƙulle-ƙullen nan kashi huɗu, har yanzu kuma da rabonsa a ke aiki. Biyu daga ciki ba su cika cutarwa ba, saboda haka ba a taɓa su. Sauran biyun su ne abin magana. Na ɗaya mu kira shi sarƙaƙiya: jijiyar da ke kawo jini da ƙarfi ta zarce kai tsaye cikin mai mai da shi, babu ƙananan nan masu rage masa gudu a tsakani, duk sun cukuikuye kamar komar da aka jefar a jiƙe. Wannan shi ne ruwan da ya sami ɓaraka. Na biyu likitoci na ce masa kabanoma, daga kalmar Latin mai ma'anar kogo. Shi kuwa kamar gidan rina ya ke, 'yan ɗakuna masu siririn bango, jini na kwance a ciki kamar kududdufan da gulbi ke bari in ya janye. Ba ya fashewa da ƙarfi kamar sarƙaƙiya, ya kan yi tsiyaya ne kaɗan kaɗan, tsatsar jinin ta ɓata naman da ke kewaye, daga nan farfaɗiya ta taso.

To, ga inda labarin masu ƙulli da yawa ya fara. Da ya ke jinin kabanoma ba ya gudu, ruwan Moniz ba ya shigarsa, saboda haka ba ya fitowa a hoton jijiya. Shekara da shekaru ana zaton abu ne da ba a cika samu ba. Na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan mai ciwo a Landan a 1971, ta nuna waɗansu. Amma sai da na'urar MRI ta bazu bayan 1980 asiri ya tonu. A hotonta kabanoma ya kan fito kamar ƙwayar gugguru da baƙin zobe kewaye da ita. Aka tarar wajen mutum ɗaya cikin 200 yana ɗauke da shi. Aka kuma tarar cikin masu shi, kimanin ɗaya cikin biyar gādonsa ya yi, irin waɗannan kuwa galibi ba ɗaya ke gare su ba.

Tun a 1928 wani Bajamushe mai suna Kufs ya lura abin yana bin gida, amma ba a kula da maganarsa ba sosai. Inda aka tabbatar da ita shi ne kudu maso yammacin Amurka, musamman jihar Niyu Meziko, cikin jikokin Sifaniyawan da suka zauna can tun da daɗewa. Akwai gidajen da kaka ta yi farfaɗiya, uba ya shanye, ɗa ya mutu farat ɗaya, kowa na cewa ƙaddarar gidansu ce. A 1988 Daniele Rigamonti da abokan aikinsa suka sa dangin masu ciwon cikin MRI, suka ga har waɗanda ke tafiya lafiya lau da yawansu na da ƙulle-ƙullen. A 1994 Joseph Zabramski ya nuna cewa a irin waɗannan gidaje sababbi na tsirowa yayin da mutum ke ƙara shekaru. A 1999 masu bincike a Faris da Amurka suka gano ƙwayar gādon da ta lalace, mai suna KRIT1, aka sami ta biyu a 2003, ta uku a 2005. Masu bin salsala kuma suka bi yawancin gidajen Niyu Meziko har suka danganta su ga wani Cristobal Baca da matarsa Ana. Ka ga tabo guda a jikin mutum guda ya bi zuriya ɗaruruwan shekaru.

Ya kamata mutanenmu su bambanta wannan gādo da na amosanin jini, watau sikila, wanda suka fi sani. A sikila sai uwa da uba duka suna ɗauke da irin kafin ɗa ya kamu, shi ya sa a ke gwaji kafin aure. A nan kuwa ɗaya ya isa. In uba ko uwa na da shi, kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya kuɓuta, mace da namiji duk ɗaya. Saboda haka ba auren zumunci ke kawo shi ba, auren bare kuma ba ya korarsa. Ita ma sarƙaƙiya, in an ga fiye da ɗaya a kai guda, likita ya kan tambaya ko ana yawan haɓo a gidan, don akwai wani ciwon gādo da Rendu ya bayyana a 1896, Osler a 1901, Weber a 1907, mai sa haɓo da jajayen ɗigo a leɓe da harshe, da sarƙaƙiya cikin huhu da hanta da ƙwaƙwalwa.

Da ido ya buɗe sai wata wahala ta taso wadda Cushing bai san ta ba. A ce an ɗauki hoton mutum an ga ƙulli goma sha biyu. Wanne za a cire? Ba a buɗe kai sau goma sha biyu, kowace buɗewa kuma da nata haɗari, don hanyar zuwa ga ƙullin ta cikin lafiyayyen nama ta ke bi, mai yiwuwa naman magana ne ko na gani ko na motsa hannu. In ma an cire duka, waɗansu za su tsiro. Likitoci suka daɗe suna gardama, masu wuƙa na cewa a cire tun bai fashe ba, masu magani na cewa a bar kaza cikin gashinta.

Ƙidaya ce ta raba gardamar, ko da ya ke ba ta kashe ta ba. A 2016 aka tattara labarin mutum 1,620 masu kabanoma daga ƙasashe dabam dabam, aka duba abin da ya same su cikin shekara biyar. Wanda ƙullinsa bai taɓa zub da jini ko taɓa wata gaɓa ba, kuma ba a gindin ƙwaƙwalwa ya ke ba, haɗarin zubar jininsa bai kai 4 cikin 100 ba. Wanda nasa ke gindin ƙwaƙwalwa, inda igiyoyin numfashi da haɗiya da motsin ido suka taru, kuma ya riga ya taɓa yi masa ɓarna, nasa haɗarin ya kai wajen 31 cikin 100. A wajen sarƙaƙiya kuma, an yi wani gwaji mai suna ARUBA wanda aka bayyana a 2014. An raba mutum 223 waɗanda tasu ba ta taɓa fashewa ba, waɗansu aka yi musu aiki, waɗansu aka bar su da magani. Cikin ƙasa da shekara uku, wajen 31 cikin 100 na waɗanda aka taɓa sun mutu ko sun sami bugun jini a ƙwaƙwalwa, na waɗanda aka bari kuwa 10 cikin 100 ne. Masu wuƙa sun soki gwajin, suka ce shekara uku ta yi kaɗan ga saurayin da ke da shekara arba'in a gabansa, kuma akwai gaskiya cikin sukar. Duk da haka ya karya zaton da a ke yi cewa duk abin da aka gani a hoto wajibi ne a cire shi.

Abin da aka tsaya a kai game da mai kabanoma da yawa shi ne, ba a bin su ɗai ɗai, ana neman mai laifin ne kaɗai. In farfaɗiya ce a fara da magani. In ta ƙi jin magani, aka kuma tabbatar da ƙullin da ke ta da ita, a cire shi tare da tsatsar da ke kewaye. In wani ya yi ta zub da jini, kuma yana inda wuƙa za ta kai ba tare da ɓarna ba, a cire shi. Sauran a bar su, a kula da hawan jini, a sake hoto in wata sabuwar alama ta fito. An kuma shiga neman ƙwayar da za ta kwantar da su duka gaba ɗaya. A Italiya an gwada wani tsohon maganin zuciya mai suna furofaranolol a kan masu irin na gādo, aka bayyana sakamakon a 2023. An ga alamar amfani, amma mutanen da aka gwada ba su da yawan da za a kafa hujja da su.

Mu komo gida. Aikin ƙwaƙwalwa ya shigo Nijeriya ne a 1962, sa'ad da Dokta Latunde Odeku ya komo daga Amurka, inda ya koyi aikin a Mishigan, ya buɗe sashensa a Asibitin Koyarwa na Badun. Bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1974 yana da shekara 47, amma ya bar magada, cikinsu har da Adelola Adeloye. A Badun ɗin ne kuma aka kafa na'urar CT ta farko a ƙasar nan a 1987. Sai dai ina Zauro ina Badun? Mutumin da ya faɗi a fadama da damina, in ya sami wanda ya kai shi asibitin Birnin Kebbi, wanda ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya, ya yi sa'a. Can za a ba shi maganin farfaɗiya, irin su finobabiton wanda aka fara amfani da shi tun 1912, ya kuwa taimaki mutane ba kaɗan ba, amma ba mai iya gaya masa abin da ke cikin kansa.

Tazarar ta ragu ne da aka kafa cibiyar aikin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda ya tsaya a kan kafa ta, Farfesa Bello Bala Shehu, ɗan ƙasar Kebbi ne, daga baya kuma ya riƙe shugabancin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi daga 2017 zuwa 2022. Cibiyar ta horar da likitocin ƙwaƙwalwa waɗanda suka bazu cikin asibitocin Arewa. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu bai kai mil 100 ba, tafiyar da a ke yi a yi sallar azahar a can. Bayan an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, Birnin Kebbi ma ta sami asibitin Gwamnatin Tarayya, wanda daga baya aka mai da shi na koyarwa.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka duk mai farfaɗiya ƙullin jijiya ke gare shi. A ƙasarmu abin da ya fi kawo ta shi ne wahalar haihuwa, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da faɗuwa daga babur. Shanyewar jiki kuwa mafi yawanta daga hawan jini ne. Wanda likita ke ɗaga kunne a kansa shi ne baligin da farfaɗiya ta fara masa da rana tsaka, ko matashin da ya shanye alhali jininsa bai hau ba, balle in an ce haka ta faru ga mahaifinsa ko gwaggonsa. Kuɗin hoton MRI yana da nauyi ga manomi, ga kuɗin mota da na jinya, saboda haka ba kowa a ke turawa ba, labarin gida ne ke nuna wa likita wanda zai tura. A nan Kabawa suna da abin da mutanen Niyu Meziko suka sha wuya kafin su tono daga tsofaffin takardun coci, don da wuya ka sami gida a Zauro ko Argungu da ba shi da tsohuwar da za ta lissafa maka kakanni huɗu ko biyar, ta gaya maka wanda ya faɗa gulbi yana su, da wadda a ke cewa tana da iska, da wanda ya kwanta da ciwon kai bai tashi ba. Likitan da ke Sakkwato zai so a zo masa da wannan lissafi a rubuce, tare da shekarun da kowannensu ya fara ciwo.